Shekara 40 tana sakatariyar ƙungiyar masu fentin ruwa: hidima ce ko asarar baiwa?

Maman_Haidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masu zane a cikinmu. A garin da muke zaune nan arewacin Ingila akwai wata 'yar ƙungiya ta masu zane da fentin ruwa, ni dai na shiga ne don in riƙa leƙa waje in yara sun tafi makaranta, yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho. To sakatariyarmu wata dattijuwa ce ta haura 80, sama da shekara 40 tana kan kujerar nan, yanzu ido ya yi rauni ta ce ta ajiye. Aka yi mata 'yar walima, shayi da kek, aka ba ta kati da takardar cewa ta zama mamba har ƙarshen rayuwarta ba za ta ƙara biyan kuɗin shekara ba. Shi ke nan fa, aka tafa aka watse.

Abin da ya dame ni, a wajen walimar 'yarta ta kawo zanukanta na da, na tun kafin ta karɓi aikin, wallahi hannun matar nan ya fi na duk wanda ke ɗakin. Amma tun da ta zama sakatariya sai ta shekara ba ta gama zane biyu ba. Ita ce kama hayar zaure, ita ce rubuta abin da aka tattauna a taro, ita ce bin mutane kuɗin ƙungiya, ita ce inshora, ita ce gayyato malamin da zai zo ya nuna mana yadda yake aiki har da ɗauko shi daga tashar jirgin ƙasa, lokacin baje koli ita ce buga suna da farashi a liƙa ƙarƙashin kowane zane, in an sayi zane ita ce mai manna ɗan jan ɗigon nan na alamar an sayar. Wasu da suka zo hannunta ko riƙe buroshi ba su iya ba yanzu suna sayarwa a manyan birane.

Tambayata, irin wannan rayuwar riba ce ko asara? Ba don komai nake tambaya ba sai don an fara kallona, wai ni ce yarinya a cikinsu in karɓa, ni kuma gabana faɗuwa yake.

Sarkin_Gardama
Wa alaikumus salam. Asara ce Anti, ba sai an ja magana ba. Kar ki karɓa. Shekara 40 a sallame ka da shayi da kek? Wadda Allah ya ba hannu ta zauna tana rubuta wa ya biya wa bai biya ba, waɗanda ba su kai ta ba suna can suna cin kasuwa. In kika karɓa mu haɗu nan da shekara goma ki faɗa mana zane nawa kika gama.

Hajiya_Lami_KD
Kai Sarkin Gardama sunanka ya bi ka. Ni ban san komai a kan fenti ba amma na san sakatariya, don na riƙe ta ƙungiyar matan unguwarmu har na gaji don kaina. Aikin kamar na masu wanke tukwane ne a gidan biki, amarya ake gani a hoto, amma ran da suka ƙi zuwa kowa zai san da zamansu. Ba zan ce asara ba ce 'yata, amma ki sani in abu ya tafi daidai shugaba ake tafa wa, in fitila ta mutu a zaure ke za a nema. In kin san zuciyarki na son yabo to kar ki shiga, za ki ƙare da hawan jini.

Dan_Samaru
Anti wannan tambayar taki ta girmi ƙungiyar taku nesa ba kusa ba. Mun taɓo tarihin nan lokacin ina sashen zane a Zariya, daga baya na bi shi da kaina don ya burge ni.

Asalin irin waɗannan ƙungiyoyi Landan ne, 1804. Kafin nan Royal Academy, wato babbar ƙungiyar masu zane ta Ingila, ke da babban baje kolin shekara, su kuma fentin mai suka ɗauka shi ne zane, na ruwa kallon share fage suke masa, a rataye shi a ɗakin da ba haske ko a gefen manyan zanukan mai ya zama ba a ma ganinsa. Sai masu fentin ruwa suka gaji, suka haɗu a wani gidan shan kofi a titin Oxford ranar 30 ga Nuwamba 1804 suka kafa tasu, cikinsu akwai William Wells da Samuel Shelley da John Varley da ƙanensa Cornelius da Robert Hills. Baje kolinsu na farko a Afrilun 1805, dubban mutane suka biya sule ɗaya-ɗaya suka shiga kallo. Ita ce yau ake kira Royal Watercolour Society, gidan baje kolinsu na Bankside yana nan gefen babban gidan zanen Tate Modern in kin je Landan ki leƙa.

Wanda nake so ki lura da shi Robert Hills ne. Shi ne sakatarensu na farko, mai zanen dabbobi, shanu da barewa da tumaki. Ya fita lokacin da ƙungiyar ta rikice, ya dawo, ya riƙe ma'aji, ya sake riƙe sakatare har ya mutu a 1844. Yau ki tsayar da Bature a titi ki ce wane ne Hills ba lallai ya sani ba. Amma ƙungiyar ta haura shekara 200 ba ta mutu ba.

Sarkin_Gardama
Yauwa, kai da bakinka ka ce ba wanda ya san shi. Turner, shahararren mai zanen Ingilan nan da ya kafa ƙungiyar, ai har ni da ba mai zane ba na san shi, don shi zane ya tsaya yi ba rubutun taro ba.

Dan_Samaru
A'a Sarki, nan ka zame. Turner bai kafa ta ba, bai ma taɓa zama mambanta ba. Tun 1802 ya zama cikakken mamba na Royal Academy, su kuma dokarsu ba ta yarda mambansu ya shiga wata ƙungiyar masu zane ba. Sannan Hills ɗin bai ajiye buroshi ba, ɗaruruwan zanuka ya nuna a baje kolin ƙungiyar yana sakataren. Wato ana iya haɗawa. Abin tambaya shi ne me ya sa dattijuwar Anti ba ta iya haɗawa ba, kuma ina jin amsar ba a littafin taro take ba, a gida take.

Rahma_B
Dan Samaru ka taɓo inda nake jira. Shi Hills in ya dawo daga taro abinci zai tarar a tebur. Ita baiwar Allah in ta dawo ita za ta ɗora tukunya. Ku duba duk irin ƙungiyoyin nan, daga na zane har na iyayen yara a makaranta, shugaba namiji, sakatariya da mai shayi mace. Ita wannan babbar ƙungiyar da kake yabo sai 1890 suka ba mace cikakken matsayin mamba daidai da maza, Helen Allingham. Shekara 86 bayan kafawa fa. Maman Haidar ki tambaye su, a cikin tsofaffin nan ba namiji mai lafiyar ido ne? Me ya sa ke aka kalla?

Maman_Haidar
@Rahma_B hahaha wallahi akwai, har da wani tsohon akanta da ya yi ritaya, amma shi cewa ya yi ya zo hutawa ne ba aiki ba.

Zee_Arts
Ni kam Anti kishinku nake, da ma mu samu irin wannan tsohuwar. Mun taɓa haɗa ƙungiya nan Kano mu matasa masu zane, da farko abin gwanin sha'awa, duk Asabar mu fita mu zauna wajen ganuwa ko bakin marinar Ƙofar Mata muna zana abin da muka gani. Yarinya ɗaya ce ke tura saƙon ina za a haɗu, ita ke karɓar ɗari biyar-biyar, ita ke roƙon masu wuri su bar mu mu zauna. Aka tura ta bautar ƙasa kudu, wlh ko wata biyu ba a yi ba ƙungiya ta zama sai gaisuwar Juma'a a WhatsApp. Kuma duk cikinmu ita ce hannunta bai kai ba, mu da muke ganin mun iya ba wanda ya iya ɗaga waya ya kira mutum goma. Tun daga nan ni ma zanena ya ragu, don in ba ranar da aka sa maka ba ka zama ka yi. To in ana lissafin zanukan dattijuwar nan a haɗa da na mutanen da ba za su taɓa zanawa ba in ba don ita ba.

Sarkin_Gardama
Lissafin dokin rano. Zanen wani ba naka ba ne ƙanwata, sunansa ke ƙasa.

BabaGashua
Salamu alaikum yara. Ni ba mai zane ba ne, ɗana ne ya sa ni a nan, amma na ga ana maganar fentin ruwa na ce bari in sa baki don abincina ne. Kun san abin da ke riƙe kalar nan a jikin takarda? Ƙaro ne. Ƙaron ɗakwara, wanda muke saye a ƙauyukan Yobe da Borno da Jigawa. Bayan damina in ganye ya fara zuba a ɗaye ɓawon itacen, a bar shi makonni ya tsatso ya daskare, a bi a tsinko, mata su zauna su tsince ƙasa da ɓawo su ware mai kyau. Na ɗakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe yana bayansa. Sudan ce uwa a harkar, kasuwar El Obeid, sai Chadi sai mu. Tun da yaƙi ya ɓarke can a 2023 kasuwar ta hargitse. Turawa su niƙa garin kala su kwaɓa da ƙaron nan, wasu su sa zuma kaɗan don kar ya bushe ya tsage, su zuba a 'yan ƙananan gwangwanaye su sayar muku da tsada.

Abin da ya sa na kawo, ban taɓa jin an rubuta sunan mai tsinkar ƙaro a ƙasan zane ba, kuma ba su ce sun yi asara ba. Amma fa su ana biyansu. Ita wannan baiwar Allah ana biyanta?

Maman_Haidar
Ina wuni Baba. Ko sisi ba a biyanta, sai dai in ta sayi kan sarki ko tawadar firinta a mayar mata, shi ma 'yarta ta ce rabi ba ta karɓa.

BabaGashua
To Allah ya biya ta. Ni dai ɗan kasuwa ne, aikin da ba ciniki ba na iya auna shi.

Malam_Tanko_Zayyana
Baba ya tuna mini. Mu masu rubutun allo da zayyana ai da ƙaron nan muke haɗa tawada tun kaka da kakanni, baƙa da ja da rawaya, in ba ƙaro rubutu gogewa yake. Ashe dangi ne mu da su.

Kan tambayar kuwa, ni a tsangaya na tashi. Akwai gardin da ya fi kowa kyan rubutu amma malam ya ɗora masa kula da ƙananan almajirai, shi ke wanke musu allo shi ke biya musu, har ya tsufa bai rubuta Alƙur'ani ko ɗaya da hannunsa ba alhali sa'o'insa sun rubuta. Mutane na cewa kaico. Shi kuma ban taɓa jin ya ce kaico ba. Aiki da niyya yake tafiya, mu ba mu san me ta nufa ba. Sai dai Hajiya ina fatan zanen naku ba na masu rai ba ne?

Maman_Haidar
Malam ni furanni da gine-gine da bakin teku nake yi, yawancinsu ma haka, sai masu zana karnukansu.

Nuhu_Kumasi
Ku yi haƙuri zan ɓata muku daɗi. Kowa na ta tausayin tsohuwa, ni ƙungiyar nake tausayi. Mutum ɗaya shekara 40 a kujera ɗaya, ya tashi kuma ba wanda ya san inda makulli yake, wannan ba hidima ce zalla ba, akwai laifi a ciki. Mun gani a ƙungiyoyinmu na zango, dattijo ya riƙe littafi, in yaro ya ce Baba kawo in taya ka sai ya ce ba za ka iya ba, in ka yi ya sake yi da kansa don ba haka ake yi ba. Bayan shekaru sai ya ce yaran yanzu ba sa son aiki. Wani lokaci mutum ba ƙungiya yake wa hidima ba, shi ne ke buƙatar a buƙace shi. Maman Haidar ki faɗa mana gaskiya, ta taɓa koya wa wani aikin?

Maman_Haidar
@Nuhu_Kumasi hmm. Gaskiya akwai ƙamshin haka. An ce an taɓa ba ta mataimakiya ba su shekara ba matar ta gudu, wai sai da ta sa ta sake buga takardun farashi gaba ɗaya don ta sa sunan mai zane kafin sunan zanen. Kuma har bara da ambulan take aika sanarwar taro, ta ƙi imel.

Hajiya_Lami_KD
Nuhu ka faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin, duk shekara a taron zaɓe ana cewa wa zai karɓa kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa, sai a ce to Hajiya ki ci gaba mana ai kin iya. Shekara biyar ta zama goma, goma ta zama ashirin. Daga baya kuma su ne za su ce ta kankane. Ni sai da na kai littafin na ajiye a gaban shugaba na yi tafiyata kafin aka yarda da gaske nake.

Dan_Samaru
Daɗewa a kujera a harkar nan ba sabon abu ba ne. Copley Fielding ya shugabanci waccan ƙungiyar ta Landan daga 1831 har ya mutu a 1855. John Gilbert daga 1871 har mutuwarsa a 1897, a zamaninsa ne ma Sarauniya Victoria ta ba su izinin sa Royal a sunansu, 1881. Amma maganar Nuhu ma tarihi ya goya mata baya, don tun 1831 wasu da suka ga tsofaffin sun rufe ƙofa suka kafa sabuwar ƙungiya, ita ce yau Royal Institute of Painters in Water Colours. Wato waɗanda suka yi wa Academy bore don ta ware su, ba a yi shekara 30 ba su ma aka yi musu.

Akwai kuma wani sakataren nasu, Joseph Jenkins, ya yi shekaru yana tara wasiƙu da bayanan tsofaffin mambobi zai rubuta tarihin ƙungiyar, ajali ya riga shi. Da takardunsa John Roget ya yi aiki ya fitar da tarihin a 1891. Yawancin abin da na zuba muku a sama ta wannan hanyar ya iso gare mu. Anti ki tambaya, takardun dattijuwar taku suna ina?

Dr_Aminu_Edin
Bari in ƙara wani abu daga nan Edinburgh. Fentin ruwa haske ne maƙiyinsa, in ka rataye shi inda rana ke bugawa 'yan shekaru kaɗan shuɗi da ja su koɗe su bar ka da ruwan ƙasa. Wani mai tara zanuka Henry Vaughan ya bar wa gidan zanen ƙasa na nan zanukan Turner 38 a 1900, da sharaɗin a nuna su kyauta a watan Janairu kaɗai, lokacin da hasken rana ya fi rauni, sauran watanni a mayar da su cikin duhu. Dublin ma ya bar musu 31 da irin sharaɗin. Sama da shekara 120 ana cika wannan wasiyya. Na je na gani, kalar kamar jiya aka shafa. Sarkin Gardama, Turner ɗin naka da ka sani, ma'aikatan da ba ka san sunansu ba ne suka yi ta fito da shi suna mayarwa duk shekara, da ba haka ba da farar takarda za ka je kallo.

Sarkin_Gardama
Likita su albashi suke ɗauka da fansho. Ku daina haɗa mini ma'aikaci da mai aikin Allah-ya-isa. Kuma ba wanda ya ce ma'aikatan nan sun fi Turner hannu suka bari. Maganata a kan baiwa ce. A samu wanda bai iya zane ba ya riƙe littafi mana, kamar yarinyar su Zee.

Rahma_B
Nan kam na bi Sarki. Matsalar dai wanda ya iya tsara zane yawanci shi ya iya tsara baje koli, ya san wane zai zauna kusa da wane a bango. Shi ya sa aikin ke faɗawa kan masu ido.

Zee_Arts
Afuwan zan ɗan kauce. Anti wace takarda kuke amfani da ita can? Nan in ka ce takardar auduga mai kauri, mai nauyin giram 300, sai a kalle ka, in an samu Arches ko Fabriano kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi, muna ta fama da katin da ake zanen makaranta, ka shafa ruwa ya kumbura ya lanƙwashe. Ga hunturu, kafin ka ɗebo kala ta biyu ta farko ta bushe ta bar maka layi a tsakiyar sararin sama.

Maman_Haidar
Zee yawanci Saunders Waterford ko Bockingford, nan Ingila ake yinsu a Somerset, Bockingford ta fi araha da ita muke koyo. Ki jiƙa takardar gaba ɗaya ki shimfiɗa a katako ki liƙe gefuna da tef ɗin takarda mai ƙaro, in ta bushe ba za ta ƙara lanƙwashewa ba. Kin ga wannan ma dattijuwar ce ta koya mini, kuma ita ke haɗa odar takarda ta mutum 30 a sayo a sari a raba. Mu nan matsalarmu akasin taku ce, ka shafa ruwa ka je ka sha shayi ka dawo bai bushe ba, har na'urar busar da gashi ake zuwa da ita.

Dan_Samaru
Zee lokacin hunturu ki yi aiki da asuba ko ki ɗiga gilisarin kaɗan a ruwan, yana jinkirta bushewa. Ki nemi ayyukan Tayo Adenaike na Enugu ki ga abin da ɗan Najeriya ya yi da fentin ruwa.

Mu dawo kan magana. A gida ma muna da misali ta fuska biyu. Yusuf Grillo, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka yi ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, shi ne shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Najeriya, ya kuma daɗe yana jan ragamar sashen zane a kwalejin Yaba, ya rasu 2021 kuma ba wanda zai ce ba a san zanensa ba. Bruce Onobrakpeya tun 1998 yake tara masu zane a Agbarha-Otor duk shekara, bai fasa nasa aikin ba. Sai dai su sun riga sun yi suna kafin hidima ta yi nauyi, kuma suna da masu taya su. Wanda hidima ta kama tun bai tsaya da ƙafarsa ba shi ne abin ji.

Maman_Haidar
Na dawo. Jiya na je gidanta na kai mata ɗan dambun nama, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana da-na-sani. Dariya ta yi ta ce ba ƙungiya ce ta hana ta zane ba, yara uku ne da aikin asibiti da ta yi, daga baya mijinta ya kwanta jinya shekaru. Ta ce da ba don dole ta je ta buɗe zaure duk Talata ba da ko zane ɗayan nan a shekara ba za ta yi ba, da tuni fentin ya bushe a durowa. Amma da na ce zanukanta na da sun fi na kowa sai ta yi shiru ta ce ta sani. Haka kawai, ta sani, ta canza magana.

@Dan_Samaru takardun suna garejinta, kwalaye sun fi goma, jerin zanukan kowane baje koli tun shekarun 1970, wa ya nuna me, nawa aka saya, hotuna, wasiƙun ta'aziyyar mambobin da suka mutu. 'Yarta na son ta zubar don za su mayar da ita ƙaramin gida.

Dan_Samaru
Kar a zubar don Allah! Ki tuntuɓi gidan adana takardun tarihi na gundumarku, suna karɓar irin waɗannan na ƙananan ƙungiyoyi. Ko ba ki karɓi sakatariya ba ki yi wannan.

Sarkin_Gardama
Ta sani. Kun ji dai. Sauran bayanin duk na lallashin kai ne, me kuke so 'yar shekara 80 ta ce, na ɓata rayuwata?

Malam_Tanko_Zayyana
Ko kuma duka biyun gaskiya ne Sarki. Mutum na iya sanin abin da ya bari kuma bai yi nadamar abin da ya ɗauka ba.

Hajiya_Lami_KD
'Yata in har za ki karɓa ga sharaɗi, ki faɗa a gaban kowa a rubuta. Shekara uku ba ƙari. A raba aikin, ke rubutun taro da saƙonni, akantan nan mai hutawa ya riƙe kuɗi da inshora ko ya ƙi ko ya so, baje koli a yi masa kwamiti. Kuma ranar haɗuwa ki zauna ki yi zanenki kamar kowa, duk mai ƙorafi ya jira a tashi. In suka ce ba haka dattijuwar take yi ba ki ce to a dawo da ita.

Nuhu_Kumasi
Hajiya shekara ukun nan ita ma tsohuwar na tabbata da haka ta fara.

Rahma_B
Ni har yanzu ban ga dalilin da zai sa mai goyon yara a ƙasar da ba dangi ba 'yar aiki ta ɗauki kayan 'yan fansho ba. Su ke da lokaci. In ƙungiyar ba za ta rayu ba sai an samu mace ɗaya da za ta ƙone, a bar ta ta mutu mana, wata za ta tsiro.

Zee_Arts
Anti Rahma tamu da ta mutu shekara nawa yanzu ba abin da ya tsiro fa.

Maman_Haidar
Na gode muku duka, kun ƙara rikita ni hahaha. Taron zaɓe sai wata mai zuwa. Baban Haidar ya ce ba ruwansa amma kar in kawo masa kwali ko ɗaya cikin gida.

BabaGashua
Zee in kina son gwada haɗa kalarki da kanki ki yi wa ɗana magana, in mota za ta Kano in sa a kawo miki ƙaro mudu ɗaya mai kyau, ki jiƙa ki tace da ƙyalle. Garin kalar dai ke za ki nema, wannan ba layina ba ne.